Raddi Ga Masu Auna Kowane Mai Neman Rance Da Mudu Ɗaya

Akwai ra'ayin da wasu ke yayatawa a harkar banki a Kaduna: wai bashi bashi ne, in mai nema ya kawo takardar fili daga hukumar filaye ta KADGIS da bayanan asusunsa, bincike ya ƙare. Maganar da daɗin ji, amma da sake.

Hujjarsu ta farko jingina ce. To, fili ba ya biyan bashi sai an sha shari'a an sayar da shi. Abin bincike shi ne daga ina kuɗin biya zai fito. Na ma'aikacin gwamnati albashi ne, kuma tun Agustan 2020 tsarin GSI na Babban Banki ya ba da damar a bi BVN ɗinsa a ciro bashin daga sauran asusunsa. Haɗarinsa yana hannun wanda ya ɗauke shi aiki. Malaman firamare sama da 21,000 da gwamnatin El-Rufai ta sallama bayan jarrabawar 2017, takardun albashinsu lafiya lau suke har ranar sallamar.

Ta biyu, wai asusun banki ba ya ƙarya. Ba ya ƙarya, amma bai san rabin labarin mai atamfa a Kasuwar Sheikh Gumi ba. Cinikinsa na cikin littafin bashi da ya sha dauɗar hannu, da adashin da yake zubawa kullum, da shaidar dilan Kantin Kwari da ke ba shi kaya sai ya sayar ya biya. Jami'in bankin da bai zauna kan bencin shago ya ga turmi nawa ke fita gabanin Sallah ba, takarda kawai ya karanta.

Ta uku, biyan wata-wata ga kowa. Manomin da ke kawo masara kasuwar Kawo ran Talata da kaka yake ganin kuɗi. A ce ya biya a tsakiyar damina, ai an tura shi sayar da takin ne.

Ta ƙarshe, wai gwamnati ba ta buƙatar bincike in ta nemi rance. Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da rancen dala miliyan 350 na Bankin Duniya ga Kaduna a 2018, daga baya ya wuce. Jihar naira take tarawa, dala take biya. Da naira ta faɗi bayan Yunin 2023, nauyin ya ninka ba tare da an ƙara ciwo ko sisi ba, kuma a Maris 2024 Gwamna Uba Sani ya ce ya gaji bashin dala miliyan 587.