Tashar Kano: Wa Za a Gina wa Sabon Dogo?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, tun da aka ce jirgin ƙasa zai ratsa Daura da Mashi, ake ta kaɗe-kaɗe da guɗa kamar ranar kai amarya. Ban ga laifin murna ba, amma mai ilmi ba ya tafi sai ya san abin da ake tafa wa. Don haka nake kira mu waiwayi tsohuwar tashar Kano, mu tambaye ta abin da ta gani.

Dogo ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas, ya taso daga Baro a bakin kogin Kwara, aka kuma buɗe shi ga fasinja da kaya a 1912. Kada wani ya ruɗe ku cewa ƙaunar talaka ce ta sa 'yan mulkin mallaka suka shimfiɗa shi. Auduga suke kwaɗayi domin masaƙun Ingila, sai manomi ya ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, ya karkata can. Cikin 'yan shekaru aka cika harabar tashar da dalar gyaɗa, kamfanonin Turawa suka kafa kantuna kewaye da ita, Sabon Gari da Fagge suka bunƙasa. To, ina rabon wanda ya noma gyaɗar? Shi ne ya ɗora buhu bisa jaki daga ƙasar Daura da arewacin Katsina, ya sayar a farashin da wani ya yanka, ya biya haraji da abin da ya saura. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!

Ku dubi taswira ku gani. An kai dogo Ƙauran Namoda a 1929, aka kai Nguru a 1930, duk inda ake jin ƙamshin gyaɗa da auduga. Birnin Katsina da Daura kuwa ko oho. Da farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya noman, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin mahukunta, sai dala ta ɓace, tashar ta shiga maraici. Da aka farfaɗo da jirgin Legas zuwa Kano a Disamban 2012, tafiyar ta kan ci sa'a 30 ko fiye. Darasin a fili yake: tashar da aka gina domin kwasar kaya, ranar da kayan suka ƙare za a juya mata baya.

A Fabrairun 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, ta Dambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal kan kuɗi kusan dala biliyan 2. Masu cewa an barnatar da dukiya domin Nijar ba su san tarihi ba. Fatake suna bin wannan hanya tun kafin Bature ya zana iyaka tsakanin Katsina da Maraɗi, kuma mafi yawan dogon a cikin Nijeriya yake. Tambayarmu daban ce: ina zai kai mu?

Ga inda gizo ke saƙa. Faɗin tsohon dogo milimita 1,067 ne, na sabo kuwa 1,435. Taragon da ya taso daga Mashi ba zai iya hawa tsohon layin da ke shiga tashar Kano ba. Muddin ba a haɗe shi da sabon layin Kano zuwa Kaduna, wanda aka ƙaddamar a Yulin 2021, daga nan har bakin teku ba, to, sai dai a sauke kaya a Kano a sake loda wa manyan motoci, talaka ya biya dako sau biyu. Wannan kuwa ba ci gaba ba ne, ci gaban mai haƙan rijiya ne.

Saboda haka muna neman abubuwa uku. Na farko, a haɗe layukan a Kano, a kuma bayyana wa jama'a bashin da aka ciwo da yadda za a biya shi, domin mu ne masu biya. Na biyu, kada ƙananan tashoshi irin Mashi su zama rumfar jira kawai. A yi musu sito da wurin lodin shanu, wake da gero, a sa kuɗin tikiti daidai aljihun manomi. Na uku, kada a bar tsohuwar tashar Kano ta ruɓe ko a yanka filinta a raba wa masu uwa a gindin murhu. A gyara ta, jirgin Nguru da na kudu su riƙa aiki, wani sashe kuma ya zama gidan tarihi. Ga Jami'ar Sufuri nan a Daura, sai a ba ɗalibanta damar koyon aiki a kan wannan dogo, kada gobe mu koma roƙon baƙi su ɗaure mana noti.

'Yan'uwa, kakanninmu ba a tambaye su ba a 1911, ba su kuma da bakin magana. Mu muna da baki, muna da alƙalami. In muka yi shiru yau, kukanmu na gobe ihu ne bayan hari. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai!