Takalmin Gudu: Ƙafa Ce Alƙali, Ba Suna Ba

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, yanzu gudun sassarfa da asuba ya karɓu a kwalejin nan, maza da mata, kuma abin a yaba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko kuwa minti 75 na mai ƙarfi, irin su gudu. Amma akwai abin da ke ɓata wannan kyakkyawar al'ada, watau yadda ake sayen takalmi. Wani ya kwashe kuɗin abincinsa na wata ya sayi mai babban suna don a gani. Wani kuma ya tsinci duk wanda ya fi araha, bayan mako uku ya dawo yana ɗingishi, ya bar gudun ɗungum. A ganina duka biyun sun yi hasara.

Bari mu fara da aikin takalmin. Duk lokacin da mai gudu ya taka ƙasa, nauyin da ke sauka a kan ƙafarsa ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa. Abin da ke rage wannan bugu shi ne soson da aka shimfiɗa tsakanin tafin ƙafa da robar ƙasa. Soson nan shi ne ran takalmi, ba fenti ko tambarin da ke gefe ba. Yana kuwa mutuwa a hankali. Masana suka ce yawanci takalmin gudu yana aiki kilomita 500 zuwa 800, daga nan soson ya kwanta, ko da sama tana nan fes. To, wanda ke gudun kilomita 5 sau uku a mako, a shekara ya yi kilomita 780. Ashe ke nan takalmi ɗaya mai kyau ya isa shekara guda. Da wannan lissafi ya kamata a auna tsada: a raba kuɗin da watannin da zai yi aiki.

Wannan ne ya sa nake jan kunne a kan gwanjo. Ba na raina gwanjo, domin ya rufa wa da yawanmu asiri wajen riga da wando. Amma riga ana ganin tsufanta, takalmin gudu kuwa tsufansa a ɓoye yake. Ba ka san kilomita nawa mai shi na farko ya ci da shi ba. In dole ne, sai ka danna soson da babban yatsa. In ya yi tauri kamar katako, ko ya yamutse a gefe, bar shi. Ka ajiye shi bisa tebur ka duba ta baya. In ya karkata, zai karkata da idon sawunka. Haka nan jabu, wanda aka manna wa sunan babban kamfani. Gara sabon takalmi na gaskiya marar suna da jabu mai suna. Araha ba ta ado.

Wani zai ce, ai Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci gudun famfalaki a wasannin Olamfik na birnin Rum a 1960. Gaskiya ne. Amma ƙafarsa ta daɗe da sabawa, kuma da ya sake cin gasar a Tokiyo a 1964 da takalmi ya yi, har ya fi sauri. Mu kuwa da muka tashi cikin takalman makaranta, in muka hau kwalta da tsakuwa ba kome, ko da kambas mai falalen ƙasa, ƙwauri da diddige za su ba da labari.

Wani kuma zai nuna takalmin da Eliud Kipchoge na Kenya ya sa a 2019, sa'ad da ya yi gudun kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu. Irin wannan akwai wani faranti mai tauri a cikin sosonsa, an yi shi don tsere ne, yana da tsada ƙwarai, kuma ba ya daɗewa kamar na kullum. Har sai da hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta kafa doka a 2020 cewa kaurin ƙasan takalmin tsere a kan titi kada ya wuce milimita 40. Ina ruwan mai zaga filin kwaleji da wannan?

Abin da ya kamata shi ne a bar ƙafa ta yi hukunci. A je saye da yamma, domin ƙafa takan ɗan kumbura bayan zirga-zirgar yini. A tafi da safar da za a riƙa gudu da ita. A gwada ƙafa biyu, don sau da yawa ɗaya ta fi ɗaya girma. A bar fili kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi, diddige kuma ya zauna daram. A ɗan yi sassarfa a gaban shagon, kada a ji kunya. In ya matsa yau, kada mai shago ya ruɗe ka da cewa zai buɗe gobe. Bororo da baƙin farce ne za su biyo baya. A kuma tambayi samfurin bara, domin in sabo ya fito kuɗin tsohon yakan sauka, alhali aikinsu kusan ɗaya ne.

In an saya, sai a riƙe shi don gudu kaɗai, ba don zuwa aji da kasuwa da ƙwallo ba. In ruwan sama ya jiƙa shi, a cusa masa tsohuwar jarida a shanya a inuwa, domin zafin rana da wuta suna lalata soso da gam.

Gobe mu ne za mu tsaya gaban yara a filin wasa. Malamin da ya san kula da ƙafarsa shi zai gane yaron da takalmi ke cuta, ya kuma ba iyayensa shawarar da ba za ta cinye aljihunsu ba. Saboda haka kafin ka miƙa kuɗinka, sa takalmin ka taka tukuna.