Rumbun gida ko rumbun girgije? Tambayar da Kawuna ya yi mini



Kwanan baya na je gida Birnin Lalle, na iske Kawuna zaune bakin atalye rai ɓace. Mai walda ne. Yana haɗa amalanke, garmar shanu, ƙofofi da tagogin ƙarfe, yana gyaran injin niƙa, da yara biyar a ƙarƙashinsa. Duk ilimin wurin yana cikin wani tsohon kaye: awon kowane irin amalanke, lambar boris ɗin da ke shiga kowane inji, dillalin da ke da ƙarfe mai kyau a Maradi, wa ya ari injin yanka bai maido ba, wa ake bi bashi sai kaka. Ruwa ya zubo ta rufin kwano ya jiƙa kayen, gara ta ƙarasa saura.

Ana haka wani saurayi ya zo daga birni da manhaja a waya. Ya ce a zuba komai ciki, a riƙa biya wata-wata, bayanan na can ajiye a "girgije", ruwa da gara sun yi kaɗan. Kawu ya saurare shi tsaf, bayan ya tafi ya juyo gare ni: "Kai da ka yi lakwal, hwaɗa mini. In reso ya tahi, ko na kasa biyan wata guda, awona na wa ne?"

Wallahi da digirina da komai sai na yi shiru.

Mu fara da gaskiya: girgijen nan kwamfutar wani ce kawai, a wani ƙaton gini, sau da yawa a Turai ko Amurka, kai kuma ɗan haya ne. Manyan masana'antu sun daɗe da manhajojin da ke riƙe bayanan kowane kayan aiki, awonsa, inda yake, da lokacin canza shi. A da a kwamfutar kamfanin ake girka su. Yanzu masu sayarwa sun fi son haya, suna ce wa ƙananan masu ƙira: ba sai kun sayi babbar na'ura ba, ba sai kun ɗauki injiniya ba. Kuma ba ƙarya suka yi ba. Sai dai lissafin nasu ya ginu kan abu uku: kuran da ba ya ɗaukewa, intanet da ba ya yankewa, da katin banki. Wanne daga ciki Kawu ke da tabbacinsa?

Ba sai na tuna muku da yawa ba. A ƙarshen watan Fabrairun 2021, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an rufe intanet ɗin salula a Nijar kusan kwana goma. A watan Agustan 2023, bayan takunkumin CEDEAO, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi, ba a ɗage takunkumin ba sai Fabrairun 2024. Ran 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma suka shiga wahalar sadarwa. Shi kansa girgijen yana ƙonewa: a Maris 2021 gobara ta cinye wani ginin ajiyar bayanai na kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗanda ba su da kwafi a wani wuri suka yi asara. Mutumin da manomi ke tsaye kansa yana jiran garma ga ruwa ya sauka, ba zai ce a dakata sai reso ya dawo ba.

To kar wani ya ce na ce a koma kaye. Ajiyar gida ma tana da nata ciwon, kuma na gani da idona. Zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu suna kashe kwamfuta. Waya na faɗawa ruwa, ɓarawo na ɗauka, memwar na lalacewa ba sallama. Mafi muni, yaro guda ne ya san lambar sirri, ranar da ya tashi tafiya Jado neman zinariya ko cin rani Libiya, ya tafi da atalyen a aljihu. WhatsApp kuwa da muke turawa kanmu hotuna, ba rumbu ba ne.

Ni dai ga matsayina. Iyayenmu sun warware wannan tun kafin a haife mu. Manomi na da rumbu a gida, daga nan ake ɗibar na tuwon yau, makulli na hannunsa. Ƙauye kuma na da bankin cimaka saboda ranar da rumbu ya ƙone ko shekara ta ƙi. Ba wanda ke kwashe hatsinsa duka ya kai wa baƙo ajiya, sannan ya riƙa biyan kuɗi kafin ya ɗebi tiya guda. Haka ya kamata bayanan masu sana'armu su kasance: asalin yana hannu, yana aiki ko babu reso, girgije ya zama ajiya ta biyu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Masana harkar ma abin da suke cewa ke nan: kwafi 3, a kan na'ura iri 2, guda 1 a nesa da gida.

Kuma mu mun san yana yiwuwa. Mu nawa ne muka yi aikin tattara bayanai na furoje da KoboCollect a ƙauyukan Dakoro? Kana cike fom a daji babu reso ko ɗigo, in ka shigo gari ka tura. Abin da muka yi wa ƙungiyoyin waje, me ya hana mu yi wa maƙeranmu, da telolinmu, da matan da ke matse man gyaɗa?

Saboda haka duk wanda ya zo wa ɗan uwanku da manhaja, ku yi masa tambayoyin nan. Tana aiki babu intanet? In na daina biya, zan iya fitar da bayanaina duka a fayil ɗin da Excel ke buɗewa? A wace ƙasa suke ajiye, wa ke iya gani? Da sefa zan biya ta waya, ko sai da kati da kuɗin waje? Ku tuna cikin bayanan akwai sunayen mutane, lambobinsu da bashin da ake bin su. A 2017 Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane wadda ta tanadi hukumarta, HAPDP. Asirin mai bashi amana ce. In mai tallar ya fara kame-kame, ku ba shi ruwa ya sha ya kama hanya.

Mu da Kawu abin da muka yi ba wani abin a zo a gani ba ne. Kwana uku muna zaune, yana tuno awo, yana sake gwada wasu da mita, ni ina rubutawa a tebur cikin wayarsa da ake caji da hasken rana. Mun sa kwafi a memwar, yana gidan Inna cikin kwalla. Duk ranar da wani ya shiga Dakoro reso ya yi ƙarfi, a tura kwafi Google Drive, wanda ke ba da giga 15 kyauta. Mutum biyu suka san lambar sirri. Sabon kaye ma an saya, yana cikin leda. Wasu awon dai sun tafi ke nan, musamman na injinan da marigayi maigidansa ya koya masa, kuma har yanzu in ya tuna sai ya girgiza kai.

Ku da ke Maradi, Yamai da Damagaram da manyan wayoyi, hutun nan in kun je gida ku leƙa atalyen unguwarku. Ku tambayi maigidan ina yake ajiye awonsa, ku zauna ku kwafe tare da shi kafin damina ta riga ku.

Allah ya sa mu dace.