A Saya wa Sashen Akanta Rumbu, Mu Huta da Filash

Duk wanda ya taɓa aikin rukuni a ɗakin kwamfuta ya san rayuwarmu: filash ɗaya, mutum takwas. Wannan ya gyara fayil a hostel, waccan ta gyara nata a gida, ranar miƙa aiki sai ga kwafi huɗu, kowanne da jimillar VAT ɗinsa daban, alhali kashi 7.5 ɗin nan dai guda ne. A zangon da ya wuce rukuninmu ya yi asarar aikin mako uku, bairos ɗin nan mai mayar da folda shotkot ya cinye filash ɗin.

Ni dai a ganina sashe ya sayi NAS. Ɗan akwati ne mai faifan ajiya biyu ko fiye, ana jona shi da netwok, kowace kwamfuta ta ga folda ɗaya. A ofishin da na yi IT na fara ganinsa. Oga yana da babbar kwamfuta guda, a cikinta ya tayar da ƙananan Windows uku da VirtualBox, wato kwamfuta cikin kwamfuta, kowacce da manhajar lissafi da harajinta, don tsohuwa da sabuwa ba sa shiri a wuri ɗaya. Amma rasidai, jadawalin PAYE da takardun kwastomomi duk suna rumbu ɗaya. Ba mai cewa “turo min na ƙarshen”.

Sai dai kar a saya a jibge komai a ciki, nan ne na ga an yi kuka. Fayil ɗin da manhaja ke aiki da shi kai tsaye ba takardar Word ba ne, ma'ajiyar bayanai ce da ake rubutu a cikinta kowane lokaci. QuickBooks, alal misali, in mutum biyu za su shiga fayil ɗaya, yana buƙatar manhajarsa mai kula da fayil ɗin ta zauna a kan saba, kuma akwatin NAS ba aikinsa ba ne wannan. Wata rana na yi ganganci na buɗe fayil daga rumbun, wani ma yana ciki, aka ɗauke wuta. Kwana biyu muna sake shigar da lissafi. Daga nan Oga ya ware kwamfutar ciki guda ta riƙe fayil mai rai, rumbun kuma ya karɓi kwafi kowace yamma. Ya ƙara da UPS.

Kuma faifai biyu masu kwafin juna ba su hana asara: ka goge a ɗaya, ya gogu a ɗayan. Dole a riƙa ajiye wani kwafin a waje.

Za a ce babu kuɗi. To, Shugaban ƙungiya, nawa muke kashewa a dinar bankwana? A kai wa HOD maganar a rubuce, a ce ɗalibai za su kawo rabi. Ni saura min wata huɗu, amma ’yan ND 1 har yanzu filash ɗaya suke karɓa-karɓa.