Na'urar da ba ta jure ƙugin janareta ba, da sauranta

Duk mai gyaran kayan lantarki tsakanin Musawa, Malumfashi da Funtuwa ya san sabuwar sana'ar da ta shigo. Samari na sayo Arduino, wani allon lantarki mai ƙaramar ƙwaƙwalwa, daga Kano ko Zariya, su haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai, ko abin da ke tayar da famfon sola idan ruwan tanki ya yi ƙasa, su sayar wa manoma. Madalla da wannan. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawancin na'urorin nan a kan teburin mai haɗawa kaɗai suke da lafiya. Da an kai su gona ko gidan kaji sai su birkice, a ce ai kayan kasuwa ne, duk jabu.

Sau da yawa kayan ba su da laifi. Ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke kan Arduino Uno, wato ATmega328P, da bolt 5 take aiki, tana bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa guda. Mai gudu irin wannan, tsallen wuta na ƙiftawar ido ya isa ya sa ta karanta sifili a matsayin ɗaya, ko ta koma farko kamar an kashe an kunna. Mu kuwa masu jawo tsallen sun kewaye mu: injin niƙa, mai walda, janaretan da ya manta rabonsa da sabis, inbata mai araha, ga tsawa da damina. Da hunturu ma, in iska ta bushe, tartsatsin da ke fita daga yatsan mutum yakan kai dubban bolt.

Kwanakin baya wata baiwar Allah mai kiwon kaji ta wajen Jiƙamshi ta aiko mini da injin ƙyanƙyasarta. Ƙwan kaza kwana 21 yake so a zafin da ke wajen digiri 37.5, ba wasa. Ita kuwa duk lokacin da motar juya ƙwai ta tashi, sai allon ya ɗauke, lissafin kwanaki ya koma ɗaya. Da na buɗe, na tarar mai haɗin ya ciro ƙwaƙwalwar ya dasa a nasa allon don rage kuɗi, ya baro ƙananan kapasitocin da ke kare ta. Siririyar wayar ma'aunin zafi an ɗaure ta tam da wayar mota mai ɗauke da bolt 230, da roba ɗaya, wai don aiki ya yi kyan gani. Rile kuma, wato makunnin da ke tayar da motar, ba dayod a bayansa.

Gyaran bai ci komai ba. Kapasita mai lamba 104, wanda kuɗinsa bai kai na ƙwai ɗaya ba, na manna shi da dalma daf da ƙafafun da ƙwaƙwalwar ke shan wuta. Nesa da nan ba ya amfani, domin shi kamar tulu ne kusa da mai girki: ruwan da ke rijiya ba ya kashe gobarar murhu. Na gitta dayod 1N4007 a kan naɗin rile, ya shanye wutar da ke dawowa da ƙarfi idan an yanke. Na raba wayoyin, na murɗe na ma'auni biyu-biyu, na ba motar tata hanyar komawa ƙasa, suka haɗu da ta ƙwaƙwalwa a wuri ɗaya tak. Da zan sake allon daga tushe, da na bar bayansa duka shimfiɗar jan ƙarfe, na sa PC817 tsakanin ɓangaren ƙwaƙwalwa da na mota, saƙo ya riƙa tsallakawa ta haske. Akwai kuma mai gadi a cikin ƙwaƙwalwar kanta, wanda ke tayar da ita idan ta sandare. Layi kaɗan na umarni ke kunna shi, amma da wuya ka ga wanda ya damu.

Wani zai ce mu da ke fama da kuɗin taki, ina mu ina wannan ƙaƙale. To wanda ya yi asarar kiret biyar na ƙwai shi ya san tsadar kapasitan da aka ƙi sawa. A Turai akwai ƙa'idojin IEC 61000, inda ake harba wa na'ura tartsatsi da tsallen wuta da gangan kafin ta shiga kasuwa. Ba sai mun jira irin ɗakin gwajinsu ba. Ina roƙon malaman da ke duba aikin kammala karatu a Kwalejin Hassan Usman ta Katsina, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Jami'ar Ahmadu Bello, kada su ba da maki sai na'urar ɗalibi ta wuni tana aiki a kan wutar janareta, da mota a jikinta.

Kai kuma mai saye, kafin ka ƙirga kuɗi, ka sa mai haɗin ya jona ta a layi ɗaya da famfo ko injin niƙa, a kunna a kashe a gabanka sau da yawa. In allon ya ko ƙifta, ka mayar da kuɗinka aljihu har ya gyara.