Iyakar Diyya a Amurka, da Wanda Ke Ɗaukar Nauyinta

A shekarar 1975, yayin da kamfanonin inshora suka tsawwala wa likitocin jihar Kalifoniya ta Amurka kuɗin da suke biya domin a tsaya musu idan majinyaci ya kai su ƙara, har ta kai waɗansu daga cikin masu sa barcin tiyata a San Faransisko suka janye hannu daga aiki in ba na ceton rai ba, Gwamna Jerry Brown ya kira majalisar dokoki zama na musamman, aka fito da dokar nan da aka fi sani da MICRA, wadda ta hukunta cewa duk wanda likita ko asibiti ya cutar da sakaci, kome munin abin da ya same shi, ba za a ba shi fiye da dala 250,000 ba a madadin azabar da ya sha da daɗin rayuwar da ya rasa. Da wannan doka aka yi ta kafa misali a abin da Amurkawa ke kira gyaran dokokin diyya, har yau fiye da rabin jihohin ƙasar suna da irin wannan iyaka ta wata fuska. Kuma tun da yake mas'ala ce da ta shafi rai da dukiya, waɗanda malamanmu suka ƙidaya cikin abubuwan da shari'a ta zo domin kiyayewa, na ga ta cancanci mu dube ta.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin cewa diyyar rauni a kotunansu kashi biyu ce. Akwai wadda ake lissafawa da alƙalami, watau kuɗin magani, da albashin da mutum ya rasa, da wanda zai rasa nan gaba saboda naƙasa. Akwai kuma wadda ba ta da rasit, watau raɗaɗin ciwo, da makanta, da rashin haihuwa, da ɓacin kamanni, da rashin ɗa ko miji. Dokar Kalifoniya ba ta taɓa kashi na farko ba, na biyun ta yanka wa iyaka. Masu yanke adadin kuwa, bisa al'adar shari'arsu, mutane ne da ake zaɓowa daga cikin jama'ar gari, ana ce musu 'yan juri, kuma galibi ba a sanar da su akwai wata iyaka. Sai sun gama sauraron shaidu sun faɗi abin da suka ga ya dace, sa'an nan alƙali ya sa alƙalami ya zabtare abin da ya haura.

Ba zan raina hujjar masu goyon bayan iyakar ba, domin tana da ƙafafu. Sun ce likitan haihuwa ko na ƙwaƙwalwa wanda kuɗin inshora ya fi ƙarfinsa barin garin zai yi, mutanen ƙauye su rasa mai duba su. Sun ce tsoron ƙara yana sa likita ya yi ta aika majinyaci gwaje-gwajen da ba ya bukata domin kare kansa. Sun kuma ce azaba ba ta da ma'auni, saboda haka 'yan juri biyu sukan dubi rauni iri ɗaya, waɗannan su ba da kaɗan, waɗancan su ba da ninkinsa goma. Duk wannan yana aukuwa. Amma abin da ya fi saye zukatan jama'a wani labari ne da aka yi ta yayatawa a gurguje ana dariya, na tsohuwar da ta zuba wa kanta gahawa aka ba ta miliyoyi.

Sunanta Stella Liebeck, shekarunta 79, a birnin Albukarki na jihar Niyu Meziko. A watan Fabrairu na 1992 tana zaune a motar jikanta, motar kuwa a tsaye take, ta sa kofin gahawar McDonald's tsakanin gwiwoyinta domin ta buɗe murfin, ya tuntsure mata a cinya. Kamfanin yana ajiye gahawarsa da zafin digiri 82 zuwa 88 a ma'aunin Salshiyas, zafin da ke cinye fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, saboda haka ta kwana takwas a asibiti, aka yi mata dashen fata. Ta nemi dala 20,000 domin biyan magani da abin da ya biyo baya, kamfanin ya ce 800 zai bayar. Da aka je kotu a 1994 sai ta bayyana cewa cikin shekaru goma mutane fiye da 700 sun riga sun kai kukan ƙuna. 'Yan juri suka ɗora mata kashi 20 cikin ɗari na laifin, suka ba ta dala 160,000, suka kuma ci kamfanin tarar ladabtarwa ta dala miliyan 2.7, watau kimanin cinikin gahawarsa na kwana biyu. Alƙali ya mayar da tarar 480,000, daga bisani suka yi sulhu a asirce. Ke nan ko a shari'ar da aka fi kafa hujja da ita, alƙali ya riga ya rage abin da ya ga ya wuce kima ba tare da wata sabuwar doka ba.

Ga inda na tsaya. Idan cutar da ake son magancewa ita ce ƙarar banza, to iyakar diyya ba ta ko kusanci wurin ciwon ba, domin mai ƙarar ƙarya faɗuwa yake yi a kotu, mai ƙaramin rauni kuwa diyyarsa ba ta kai iyakar ba balle a rage ta. Wanda wuƙar ke sauka a kansa shi ne wanda aka riga aka tabbatar an cuce shi, aka kuma tabbatar cutarwar ta yi muni har ta zarce adadin da doka ta yanka, watau wanda aka shanye wa rabin jiki, da jaririn da aka lalata wa ƙwaƙwalwa wajen haihuwa, da matar da aka cire wa mahaifa bisa kuskuren gwaji. Cibiyar bincike ta RAND ta bi diddigin hukunce-hukuncen Kalifoniya, ta bayyana a 2004 cewa a kashi 45 cikin ɗari na shari'o'in da majinyata suka ci an zabtare musu diyya, abin da waɗanda aka kai ƙara za su biya kuma ya ragu da kashi 30 cikin ɗari. Wannan rangwame daga aljihun mafi wahaltuwa ya fito.

Akwai kuma wani zalunci a ɓoye cikin rabon nan gida biyu, wanda ba ya bayyana sai an yi misali. A ƙaddara likita guda, rana guda, ya yi kuskure iri guda a kan mutum uku, da babban ma'aikacin banki, da dattijon da ya yi ritaya, da yarinya 'yar shekara biyar, duka suka mutu. Iyalan na farko za su lissafa albashin shekaru masu yawa, su karɓe shi cif, domin kashin nan ba shi da iyaka. Iyalan dattijon da iyayen yarinyar kuwa, tun da yake mamatansu ba su da albashin da za a lissafa, kusan duk hasararsu tana cikin kashin da aka ƙayyade. Haka abin yake ga matar da ke gida tana renon 'ya'ya. Dokar ba ta ambaci mai kuɗi ko talaka ba, amma sakamakonta shi ne ƙimar ran mutum ta koma gwargwadon abin da yake samu a wata.

Mafi girman illar ma ba ta kai gaban alƙali. A Amurka talaka ba ya biyan lauya a irin wannan ƙara. Lauyan ne ke ɗaukar ɗawainiyar shari'ar daga aljihunsa, ya biya ƙwararrun likitocin da za su ba da shaida, waɗanda ladansu kan kai dubun dubatar daloli, ya jira shekaru, in an ci ya ɗauki kasonsa, galibi sulusi ko fiye, in an faɗi ya tashi a tutar babu. To, idan ya san tun farko cewa iyakar abin da za a samu a mutuwar yaro dala 250,000 ne, dokar kuma ta ƙayyade kason nasa, kamar yadda MICRA ta yi, me zai sa ya karɓa? Sai ya yi wa iyayen ta'aziyya ya sallame su. Waɗannan ba su shiga ƙididdigar kowa, sai dai a ji ana murna wai ƙararraki sun ragu. Alhali tun kafin haka masu kai ƙarar 'yan kaɗan ne: binciken da malaman jami'ar Harvard suka yi a asibitocin jihar Niyu Yok, wanda aka buga a 1991, ya nuna cewa cikin mutum ɗari da sakacin asibiti ya cutar, waɗanda suka nemi diyya ba su kai biyu ba.

Jihar Teksas ta gwada abin da ƙarfinsa a 2003, zamanin Gwamna Rick Perry. Ta sa iyakar dala 250,000 a kan likitoci, ta gyara tsarin mulkin jihar ta hanyar ƙuri'ar raba gardama domin kada kotu ta rushe dokar, ta kuma shar'anta cewa wanda aka cutar a sashen gaggawa sai ya tabbatar da sakaci na ganganci kafin a ba shi kome. Kuɗin inshorar likitoci ya sauka, ƙararraki suka ragu ainun, wannan ba a musunsa. Amma malaman shari'a Bernard Black da David Hyman da Charles Silver, waɗanda suka daɗe suna nazarin alƙaluman jihar, ba su sami dalilin da ke nuna dokar ta ƙara yawan likitoci fiye da yadda suke ƙaruwa a da ba, ko ta rage kuɗin jinya. Ofishin kasafin kuɗi na majalisar tarayya ma, da ya yi ƙiyasi a 2009, cewa ya yi in an shimfiɗa irin waɗannan gyare-gyare a ƙasar baki ɗaya, abin da za a rage a kuɗin kiwon lafiya bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ban iya wuce Teksas ban ambaci Greg Abbott ba, wanda itace ya faɗo wa yana gudun motsa jiki a Hustan a 1984, ya shanye masa ƙafafu, ya kai ƙarar mai gidan da kamfanin kula da itatuwa, aka yi sulhu a kan miliyoyin daloli, ya kuma zama daga cikin masu kare dokokin ƙayyade diyya har ya kai ga kujerar gwamna. Magoya bayansa sukan ce shari'arsa ba ta asibiti ba ce, iyakar ba za ta shafe shi ba, kuma gaskiyarsu ta fuskar doka. Sai dai ni ban ga bambancin laka da itace ya tsinka da wadda wuƙar likita ta tsinka ba.

La'alla wani ɗalibin fiƙihu ya ce mini ai mu ma diyyarmu ƙayyadadda ce, to mene ne abin zargi? Haka ne, duk wanda ya karanta Risala ya san raƙuma ɗari, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, da raƙuma goma na yatsa, da biyar na haƙori, kuma Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa likitan da ya yi kuskure wajen kaciya akwai diyya, dangi ne ke ɗauka. Ƙayyadewa a kan kanta ba aibi ba ce, tana ma kawar da saɓanin hukunci da masu gyaran ke kuka da shi. Amma a lura da abu biyu. Fukaha'u sun yi rabe-rabensu tsakanin namiji da mace da sauransu, wannan babi ne mai zaman kansa, sai dai ba su rataya adadin ga samun mutum ba, yatsan attajiri da na ɗan dako raƙuma goma ne. Sa'an nan sun ɗaure adadin ga dukiyar da ke riƙe darajarta, har Abu Dawuda ya ruwaito cewa da raƙuma suka yi tsada a zamanin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, sai ya ɗaga ƙimar daga dinari 800 zuwa 1,000. Majalisar Kalifoniya kuwa ta rubuta adadinta da kuɗin takarda, ta bar shi shekara 47 ba ta ƙara ko sisi ba, alhali abin da dala 250,000 ke saye a 1975 sai da fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari uku a 2022. Ke nan kowace shekara hauhawar farashi tana rage wa naƙasasshe haƙƙinsa ba tare da wani ɗan majalisa ya ɗaga hannu ba.

Waɗansu kotunan ƙoli na jihohi sun ƙi yarda. Ta Jojiya ta rushe iyakar dala 350,000 a 2010 bisa hujjar cewa ta tauye haƙƙin mutum na 'yan juri su yanke masa hukunci. Ta Ilinoyi ita ma ta rushe tata a 2010 domin majalisa ta shiga hurumin alƙalai. Ta Fulorida kuwa ta yi haka sau biyu, a 2014 game da mutuwa, a 2017 game da rauni, tana mai cewa an ɗora wa mafi tsananin rauni nauyi ba bisa daidaito ba, kuma babu shaidar cewa matsin inshorar da aka fake da shi yana nan. A wasu jihohin, irin su Ohayo, kotu ta tabbatar da iyakar, saboda haka a yau abin da mutum zai samu a kan idonsa ya danganta da gefen kan iyakar jihar da aka yi masa tiyata.

A Kalifoniya kanta an nemi a ɗaga adadin zuwa dala miliyan 1.1 ta ƙuri'ar raba gardama a 2014, ƙungiyoyin likitoci da kamfanonin inshora suka zuba maƙudan kuɗi wajen yaƙar shirin, ya faɗi warwas. Sai a watan Mayu na 2022, da wata ƙuri'ar ta sake tunkaro su, ɓangarorin suka zauna suka daidaita, Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a sabuwar doka: daga farkon 2023 iyakar ta koma dala 350,000 ga rauni, 500,000 ga mutuwa, za ta riƙa hawa kowace shekara har cikin shekaru goma ta kai 750,000 da miliyan ɗaya, daga nan a riƙa ƙara kashi 2 cikin ɗari duk shekara. Wannan gyara ne, ina kuma yaba shi gwargwadonsa, ko da yake bai taɓa bambancin nan tsakanin mai albashi da marar albashi ba, adadin farkon ma bai kai sulusin ƙimar na 1975 ba. Kuma sabuwar dokar ta shafi ƙararrakin da aka shigar daga ranar 1 ga Janairu 2023 ne kawai. Wanda ya shigar da tasa kafin wannan rana, a kan tsohon adadi za a yi masa hukunci.