Wa ke riƙon ɗan riƙo?

A shekara ta 2003 ne Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa hannu a kan dokar haƙƙin yara ta Tarayyar Najeriya. Sai dai tsarin mulkin 1999 ya bar sha'anin yara a hannun jihohi, saboda haka ƙarfin dokar bai wuce Abuja da kewayenta ba, sai kowace majalisar jiha ta karɓe ta da kanta. Legas ta karɓa a 2007. A Arewa kuwa aka yi ta jan ƙafa: Kaduna sai 2018, Katsina 2020, Sakkwato 2021, Kano 2023. Jaririn da aka raɗa wa suna ran da aka sa hannu a Abuja ya fita daga shekarun yarinta kafin majalisar Kano ta gama shawara a kansa.

Abin da ya cinye waɗannan shekaru ashirin sananne ne: ayar da ta hana aurar da wanda bai kai shekara 18 ba. A kanta aka yi wa'azi, a kanta aka yi tarurruka a otal-otal. Magana ce mai nauyi, babu mai musu. Amma dokar tana da wani babi a kan riƙon yara, wanda ya shafi gidaje marasa adadi, kuma da wuya a tuna ranar da aka ɗaga murya a kansa. An bar jaki ana dukan taiki.

Ga riƙon da dokar tarayya ta sani. Mai so ya rubuta wa kotun iyali takardar neman izini. Ya kasance ya kai shekara 25, ya kuma girmi yaron da shekara 21. A bincika halinsa da samunsa, alƙali ya ba da umarni, a shigar da sunan yaron cikin rajista. Tsari ne mai kyau ga jaririn da aka tsinta a bakin kwata, wanda ba a san danginsa ba. To amma riƙon da Bahaushe ya sani, daga Zariya har Tawa, ba ya bi ta gaban alƙali. Kaka ta ɗauki jika yaye, ya zauna ke nan. Gwaggon da Allah bai ba haihuwa ba a ba ta ɗiyar ƙanenta. Aure ya mutu, a raba ƴaƴa tsakanin dangi. Uba ya rasu, baffa ya kwashi marayu. Wannan al'ada ta raini malamai da attajirai da sarakuna, ta kuma yi aikin da babu baitulmalin da zai iya ɗauka. A cikinta kuma akwai riƙon sakainar kashi, wanda kowane malamin makaranta ya san fuskarsa: yarinyar da aka kawo daga ƙauye da sunan karatu, ta ƙare a wanke-wanke da tallar ƙosai, ta zo aji a makare tana gyangyaɗi, a aika kiran uwaye babu mai zuwa. Ran da ta daina zuwa, babu takardar da ta ce a hannun wa take, balle a tambaye shi.

Masu cewa duk wannan shigo-shigon Nasara ne ya kamata su sake duba littattafansu. Abin da shari'a ta hana shi ne tabanni, wato a jingina yaro ga wanda ba mahaifinsa ba, a sauya masa nasaba da gado. Kafala kuwa ibada ce, kuma malaman fiƙihu sun tsananta ƙwarai a kan wanda aka ba amanar maraya da dukiyarsa. Ita kanta Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ambaci kafala da sunanta a aya ta 20. Wanda ya yarda a rubuta bashin buhun gero a gaban shaidu, da wace hujja zai ƙi a rubuta amanar ɗan mutum?

Su ma ƙungiyoyin da ke shafa wa taswirar Najeriya launi duk ran da wani gwamna ya sa hannu, ba su fita ba. Sa hannu biki ne na yini ɗaya. Doka tana rayuwa ne da kasafin kuɗi: jami'in walwalar jama'a mai albashi da babur, kotun iyali mai zama, gidan da za a kai yaro daren da aka raba shi da mai azabtar da shi. Shekara ta 2020 ta nuna inda aka tsaya. Da annobar korona ta shigo, gwamnonin Arewa suka loda almajirai a motoci, kowa yana mayar wa maƙwabcinsa, har aka sami masu ɗauke da cutar cikin waɗanda aka sauke a Kaduna da Jigawa. Almajiri ma ɗan riƙo ne, uba ya damƙa shi hannun malam. Da akwai littafin da ya ce wane ɗan wane ne, daga gari kaza, da ba a yi jigilarsu kamar buhunan albasa ba.

Gyaran bai fi ƙarfin majalisar jiha ba. A wajabta wa duk wanda ya karɓi yaron da ba shi ya haifa ba, dangi ne ko malam, ya sanar da mai unguwa ko dagaci. A rubuta sunan yaro da na uwayensa da garinsu, a ba shugaban makarantar unguwa kwafi. Yaro ya yi wata ɗaya ba a gan shi a aji ba, jami'i ya je gidan. Kotu ta tsaya ga inda aka yi jayayya ko cuta. Mariƙin kirki ba ya asarar komai, sai ma ya sami shaida ran da dangi suka taso da maganar gado.

Nijar, wadda ta amince da yarjejeniyar tun 1990, ba ta da bakin yi wa maƙwabta dariya. Daftarin kundin dokar yara ya sha kwana a ofisoshin Yamai. Kuma yaran da ake magana a kansu ba su san iyaka ba. Ana ɗaukar su daga Madarumfa zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya, daga Magarya da Matamai zuwa Daura da Kano. A bakin iyakar, jami'an kwastan suna rubuta kowane buhu da kowace dabba da ke cikin mota, yara goma kuwa su wuce tare da mutum ɗaya da ya ce ƴan'uwansa ne.